Askin Mai Sanƙo

Wallahi har yau in na tuna injin askin nan sai raina ya ɓaci. Yaya ne ya sayo shi, ya dire kwalin a gaban Baba yana washe baki, sai ka ce maganin tsufa ya kawo.

Baba fa sanƙo gare shi. Ɗan gashin da ya rage masa bai wuce na bayan kunne ba. Amma tun muna yara, duk Asabar sai ya shirya ya tafi shagon mai aski na bakin titi, ba ya dawowa sai rana ta yi sanyi. A can akwai wani dogon benci, a kan bencin akwai abokinsa Kafinta, wanda in Baba ya ce fari sai ya ce baƙi. Musun ƙwallo, musun gwamnati, musun wa ya girmi wani. Baba ya dawo murya a dishe, ya cinye abincinsa tas.

Sau ɗaya tak ya zame a hanyar dawowa, ya gurje gwiwa. Shi ke nan Yaya ya samu abin yi. Ya kwashe shi zuwa gidansa, ɗakin sama, ga talabijin, ga na'urar sanyi, ga maigadi a ƙofa. Ranar Asabar ya jona injinsa, kafin ruwan shayi ya tafasa ya gama.

"Ka gani, Baba? Ba hanya, ba layi, ba surutun banza."

Surutun banza! Haka ya ce, a gabana.

Baba ya fara rage magana, ya fara barin abinci. Yaya ya kai shi asibiti, aka auna jini, aka auna zuciya, likita ya ce lafiyarsa lau. Wata Asabar na shiga na same shi shi kaɗai, an gama yi masa askin safe, yana yi wa mai karanta labarai gardama a talabijin. Ya yi shiru yana jiran amsa. Mutumin ya wuce zuwa labari na gaba.

Na sauko kamar zan fasa benen.

"Yaya, kai ba ka da ido ne? Mutumin nan ƙarewa yake yi!"

"Me ya rasa? Faɗa min abu ɗaya da ya rasa a gidan nan."

"Mutane ya rasa!"

"Mu ɗin dabbobi ne?"

"Kai da ba ka zama minti biyar ba ka duba waya ba? Ka ajiye shi kamar firji, kana leƙawa ka ga ko yana aiki."

Ya ce ba ni da kunya. Na ce na ji. Yana fita na tare tasi, na riƙo hannun Baba muka sauko. Maigadi ya buɗe baki, na watsa masa harara, ya buɗe ƙofa.

Muna shiga shagon mai aski ya saki almakashi. Tsofaffin kan benci suka miƙe, ana ta "Kai! Kai! Ashe kana nan?" Baba yana gaisawa yana waige. Ƙarshen bencin, wajen taga, ba kowa.

"Ina Kafinta? Ko ya ji zan zo ya gudu?"

Tsofaffin suka dubi juna. Mai aski ne ya daure ya ce, "Ai ya rasu, watan jiya. Yana kwance yana ta cigiyarka. Na je gidan ɗanka da ƙafata har sau biyu, maigadi ya ce an hana a tashe ka, kana hutawa."

Hutawa! Da Yaya yana wurin, wallahi ban san abin da zan yi masa ba, yayana ne ko ba yayana ba.

Baba bai yi kuka ba. Ya taka a hankali ya zauna a kujerar aski, ya cire hula. Kan nan fes, ko ƙwayar gashi babu, Yaya ya kwashe komai da safe. Mai aski ya dubi kan, ya dube ni. Sai ya kaɗe mayafi ya ɗaura masa a wuya, ya ɗauki almakashi ya shiga ƙyas-ƙyas a bayan kunne, yana ba shi labarin yadda Kafinta ya yi ta musu da masu jinya a kan allura. Baba ya ce ƙarya ne, Kafinta tsoron allura yake yi tun yana saurayi. Wani tsoho ya ce ba haka ba ne. Baba ya ɗaga murya. Rabon da in ji muryar nan har na manta.

Wayata ta yi ƙara. Yaya ne, yana huci.

"Ina kika kai shi? Wai wajen aski? Ba ɗazu na yi masa ba?"

Na buɗe baki zan zazzage masa abin da ke cikina, Baba ya ɗago hannu daga ƙarƙashin mayafin. Hawaye na bin kumatunsa, bai ko juyo ba.

"Ki ce masa bai iya ba."