Takunkumi a Bakin Injin Ermete

Shekara arba'in da ɗaya ina hawa dutsen Montalbaro da mota guda, kuma ban taɓa hawansa a ɓoye ba. Lahadin farko ta watan Satumba ake tserenmu, kilomita shida daga gadar ƙasa zuwa dandalin gari, mota ɗaya bayan ɗaya, agogo ne alƙali. In na taso daga gada, matan da ke murza taliya a can sama sun san Nives Baraldi ta taso, ba sai an faɗa musu ba.

Yayana Ermete ne ya ƙera motar da hannunsa ina 'yar shekara ashirin da biyu. Silinda takwas gare ta, kowace da bakinta na shaƙar iska a buɗe kamar mazurari. Injin yanzu ɗura ake yi masa, turbo ya danna masa iska a maƙogwaro ko yana so ko ba ya so, shi ya sa in ya wuce sai ka ji fuuu kamar buta ta tafasa. Namu da kansa yake numfashi. Da tari yake farawa, ya yi ta gunaguni, a juyi dubu shida a minti murya ta washe, a dubu tara kuwa ya tsala wani ihu da sai tsigar jikinka ta tashi. Mutanen gari suka sa wa motar suna Uwar Miji, wai ba ta buɗe baki kowa ya samu sukuni.

Da kunne Ermete yake aikinsa. Guntun tiyo yake sawa a kunne ya bi bakunan nan takwas ɗaya bayan ɗaya har sai numfashinsu ya daidaita. In kuma ciwon a can ciki yake, sai ya ɗauko dogon sukudireban babanmu, ya ɗora tsinin a jikin inji, mariƙin a ƙashin bayan kunnensa, ya rufe ido ya gaya maka abin da ke ƙwanƙwasa. To kunnen ne ya tafi. Na hagu ya mutu tuntuni, na dama kuma likita a birnin Modena ya ce da wuya ya kai baɗi. Ni likitan ya gaya wa, don Ermete ba ya yarda da komai. Kome aka ce masa amsarsa ɗaya ce: "Na ji, na ji." Ran nan na miƙa masa kofi na ce, "Gishiri na zuba maka, tsohon kurma." Ya ce, "Na ji, na gode." Na shiga kicin na yi kukana.

Abu ɗaya na sa a raina: kafin kunnen nan ya rufe, Ermete zai sake jin injinsa da baki buɗe a kan dutse.

A shekarar ce kuma aka kawo doka. Mutanen birni sun sayi tsofaffin gidajen gefen hanya suna zuwa hutu. An ce baƙo raɓa ne, amma wannan raɓar ta zauna har ta fara rubuta wa hukuma takardar koke. Kwamitin tsere ya ce kowace mota sai da salansa mai rage ƙara, a auna ƙararta da na'ura, a ɗaure salansar da waya a manna hatimin dalma. Wanda ya tsinke dalma, an karɓe lasisinsa na tsere shekara biyu.

Shugaban kwamitin, Fulvio Cavedoni, shi ya kawo mana takardar har gareji. Ɗan aminin Ermete ne, a gabanmu ya girma, yanzu ya zama injiniya mai ƙulla laktaye.

"Sinyora Nives, don Allah kada ki kalle ni haka. In ba mu yi ba, tseren gaba ɗaya za a soke."

"A'a, Injiniya, ai kallon sha'awa nake yi maka. Kai ne dai aka haifa ranar tsere? Uwarka ta ce ba ka yi kuka ba sai da na wuce ƙofar gidanku."

"In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, Sinyora."

"Kiɗan kuka kashe ɗungum, wace rawa kuma ta rage?"

Ermete ya karɓi takardar ya karanta sau biyu. "Takunkumi," in ji shi da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryar kansa. "Za ku sa wa Uwar Miji takunkumi? Ubanka da yana raye da ya ci maka mutunci."

Haka dai muka ɗaura wa motar salansa, babu yadda za mu yi. Na tayar da ita a gareji, ta yi wani gurnani ƙasa-ƙasa kamar mai mura. Ermete yana tsaye taku biyu daga ita, ya juya mata baya yana neman sifana.

"Tayar da ita mana, me kike jira?" in ji shi.

A lokacin tana kan juyi dubu huɗu. Na kashe ta na ce fulogi ne ya jiƙe.

Tun daga ranar na san abin da zan yi da dalmar Fulvio. Shekaruna sittin da uku, in aka karɓe lasisi shekara biyu to an karɓe ke nan har abada, wannan ko a jikina. Abin da ya dame ni daban ne. Ko na cire takunkumin, yaya zan san ya ji? In na tambaye shi zai ce ya ji, ko da motar ba ta bar gareji ba. Girman kan mutumin nan ya fi dutsen Montalbaro tsawo.

Dabara ta zo mini ina wanke kwanuka. Ermete wuri ɗaya yake tsayawa duk shekara, a kwanar ƙaramin cocin da ke tsakiyar hawa, jikin ƙarfen da aka kafa a bakin hanya don tare mota kada ta faɗa kwari. Da ka sha kwanar, bangon coci ya ɓoye ka, masu kallo ba sa ganin komai, sai dai su ji. A nan ne ya shekara arba'in yana yi mini huɗuba: ki riƙe giya ta biyu har dubu tara, sai kin wuce bishiyar bayan coci sannan ki sa ta uku. Ban taɓa saɓawa ba. Na yanke cewa bana zan saɓa, zan sa ta uku a dubu bakwai. Ido ba zai kama wannan ba. In ya yabe ni, bai ji ba.

Ranar tsere da safe aka auna mu a bakin gada. Na'urar Fulvio ta ce Uwar Miji ta shiryu, aka manna dalma. Ermete ya riga ya wuce kwanarsa cikin tsohuwar rigarsa ta aiki, mariƙin sukudireba ya leƙo daga aljihu, ko coci ba ya zuwa babu shi. Na shiga layi. Saura motoci uku a gabana na fito, na tsugunna a bayan motar da filaya da sifana mai lamba goma sha uku. Noti huɗu ne, tun jiya na sassauta su. Na tsinke waya, na zare salansa da tsumma don zafi, na ajiye ta a hankali a kan ciyawa.

Direban da ke bayana, wani mai jar mota ta zamani, ya leƙo. "Sinyora, kin haukace ne?"

"Toshe kunnenka, ɗana, yau za ka ji abin da ake kira mota."

Na danna maɓalli. Wayyo Allah, muryar nan! Tattabarun ƙarƙashin gada suka watse, mai sayar da cuku ya yar da wuƙarsa. Na hango Fulvio ya taso a guje yana ɗaga hannu, laktaye na yawo a kafaɗa.

"Sinyora Nives! Kashe ta! Na rantse zan karɓe lasisinki!"

Na nuna kunnena na girgiza kai, wato ba na ji, na koya a gida. Mai tuta, tsoho Gualtiero, ya dubi Fulvio, ya dube ni. Tun yana saurayi yake sallamar motoci a gadar nan. Ya ɗaga tuta ya sauke ta kamar bai ga kowa ba.

Ban taɓa jin ta kamar ranar ba. Ihun na dukan duwatsu yana dawowa, ya haɗu da wanda ke fita, kwarin gaba ɗaya ya ɗauka. Tsofaffi a bakin hanya suna cire huluna suna kaɗawa. Wata mata a barandar gidan hutu ta toshe kunne da hannu biyu, na yi mata fatan alheri. Na sha kwanar hanya har tara, na hango farin bangon coci. Na taka birki, na sauko ta biyu, na ga rigar Ermete a gefen ido, a sunkuye yake ko kallona ba ya yi. Na shige bayan bango, allurar awon juyi ta hau dubu bakwai, hannuna ya ƙi, shekara arba'in ta riƙe shi. Na tilasta masa. Na sa ta uku, muryar ta dusashe kamar an shaƙe ta, ta yi nishi, sannan ta sake kamawa. Sai da na roƙe ta gafara.

A dandali mutane suka rufe ni, wannan ya sumbace ni, wancan ya miƙo kofin ruwan inabi. Fulvio ya iso a kan babur, fuska a murtuke, ya miƙo hannu. Na zaro lasisin na ba shi tun kafin ya buɗe baki.

"Kin san abin da kika jawo mini?" in ji shi.

"Na sani, Injiniya. Ka rubuta cewa tsohuwa ce ta yi taurin kai, ba laifin kwamiti ba ne, zan sa hannu."

Ya sa lasisin a aljihu, ya yi ƙasa da murya. "A dubu tara take yin wannan kukan?"

"A dubu tara."

Ya gyaɗa kai ya tafi.

Na gangara kwanar coci a ƙasa, hular kwano a hannu. Mutanen wurin suka tarbe ni da tafi, kowa na cewa ban taɓa tuƙi irin na yau ba. Ermete na zaune a kan ƙarfen bakin hanya, sukudireba a cinyarsa. Matar mai gidan burodi ta ja ni gefe.

"Yayanki lafiya kuwa? Tun da kika taso ya durƙusa ya kafa abin nan a jikin ƙarfe, ya manna mariƙin a bayan kunne, ido a rufe. Har kika wuce bai ɗago ba."

Na dubi ƙarfen. A haɗe yake, ya bi hanya ya zagaya har bayan coci. Na je na tsaya a gabansa. Ya ɗago, fuskar nan babu annuri ko kaɗan.

"Shekara arba'in da ɗaya!" ya daka mini tsawa, kowa ya juyo. "Shekara arba'in da ɗaya ina gaya miki, sai kin wuce bishiya! Dubu bakwai, Nives? A dubu bakwai kika sa mata ta uku? Kin shaƙe ta a bayan coci kamar mai koyon tuƙi. Tana tsakiyar magana kika rufe mata baki!"

Hawaye suka ɓalle mini a gaban jama'a, ni da ban yi kuka ba ranar da na kife da motar a kwari. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

"Kuka ba ya gyara tuƙi," in ji shi, ya ɗan sassauto. "Baɗi ki riƙe ta har dubu tara."

Ni babu lasisi, shi babu kunne, babu wata baɗi, mu biyu duk mun sani. Na zauna kusa da shi a kan ƙarfen, na jingina da kafaɗarsa, na ce, "Da gangan na yi, Ermete."

"Na ji, na ji," in ji shi.

Wannan kam bai ji ba. Ban maimaita ba, muryar da nake so ya ji ya riga ya ji ta.