Kunyar 'Yar Fari

Shekarar da babbar jami'ar garin ta fito da sabon tsarinta, duk unguwar Dukawuya ba wanda ransa ya ɓaci kamar Malam Yero. Wai jarrabawar tantancewa, wadda ake yi bayan ta JAMB, ta zama ganin dama. Wanda ya so ya zauna, wanda bai so ba a auna shi da sakamakonsa na WAEC. Amma in ka zauna, abin da ka ci shi za a ɗauka, mai kyau ko mara kyau.

Yara suka hau murna, Malam ya hau tsaki. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyar da lissafi kafin ya yi ritaya, ya san gadar zare in ya gan ta. Wanda takardarsa ta WAEC ta yi kyau, shi aka yi wa sauƙi. Wanda tasa ta yi rauni kuwa, in ya ƙi zama, ya yanka kansa da kansa.

Kuma irin wannan takardar ce a cikin gidansa. Bahijja, 'yarsa ta fari, tana son karatun haɗa magunguna. Yarinya ce mai kai, ta ci JAMB ci na gaske, amma WAEC ta same ta tana fama da taifot, sakamakon ya fito da ƙyar. Malam ya buga lissafin a bayan ambulan har sau uku. In ta zauna jarrabawar, ta shiga jami'a, in ba ta zauna ba sai baɗi.

To ai sai ya faɗa mata, ko? Wanda ya ce haka bai san gidan ba. Kakannin Malam sun ajiye sandar kiwo tun kafin a haife shi, amma ba su ajiye kunyar ɗan fari ba. Ba ya kiran sunanta, ba ya yabonta, ba ya nuna al'amarinta ya dame shi. Haka ubansa ya yi masa, kuma har ga Allah yana ganin mutunci ne.

'Ya'yan mutane kuwa, a zaurensa suke wuni. Ranar da Muttaka, ɗan maƙwabcinsa Alhaji Sabo, ya kawo tasa takardar, Malam ya ɗaga murya yadda za a ji a tsakar gida.

"Kai Muttaka, da wannan sakamakon za ka ce ba ka zama? Duk mai irinsa, wallahi in bai zauna ba ya cuci kansa!"

Ya maimaita sau biyu. Daga baya ya ji ashe Bahijja tana islamiyya. Takaici ya hana shi cin abincin rana.

Sai ya bi ta hannun yayarsa, Gwaggo Asibi, wadda ta yi rainon yarinyar. Ya zaunar da ita ya yi mata bayanin maki dalla-dalla, tana gyaɗa kai kamar ta gane. Ta shiga ciki ta ce wa Bahijja, "Babanki ya ce ki dage da addu'a, Allah ya zaɓa mafi alheri." Da ta dawo Malam ya tambaye ta, ta ce saƙo ya isa tas.

Ita kuma Bahijja ƙawayenta sun cika mata kunne. Wa zai kai kansa gaban kwamfuta alhali an ce ba dole? In aka zauna aka faɗi fa? Ranar da za a rufe rajista ta rasa yadda za ta yi, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta zo bakin zaure da hantsi ta durƙusa, ga Alhaji Sabo da wasu dattawa biyu a zaune.

"Baba, yau ake rufewa. In zauna, ko in bar su da WAEC ɗin?"

Maganar ta zo masa har bakin harshe. Ya dubi dattawan, ya ga duk sun zuba masa ido. Ya ji kunya ta kama shi, ya ji haushin jami'ar da ta ɗora wa yarinya zaɓin da ya fi ƙarfinta, ya ji haushin kansa. Ya kawar da kai.

"Ai Gwaggonki ta faɗa miki," ya ce.

Dattawan suka yaba da kawaicinsa. Bahijja ta tafi shagon kwamfuta da ke Mandawari, ta zaɓi a bar ta da WAEC.

Bayan sati bakwai sunaye suka fito. Na Muttaka yana ciki, nata babu. Alhaji Sabo ya zo godiya da la'asar, bakinsa har kunne. Bahijja ce ta kawo musu ruwa, tana ajiyewa Alhaji yana cewa, "Malam, Allah ya saka. Da ba ka fito ɓaro-ɓaro ka ce wa yaron nan ya zauna ba, da yanzu kuka muke. Takardarsa ai ko ta 'yar nan ba ta kai ba."

Da baƙon ya tafi ta dawo ɗaukar kofuna. Ba ta yi kuka ba, kuma da ma kukan ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Baba, ashe ka sani?"

Ya tura mata kofin da ke gabansa.

"Ba komai, shekara guda ce, zan sake," ta ce a hankali. "Amma baɗi Alhaji Sabo zan ba takarduna ya kawo maka, ya ce na 'yarsa ne."