Irin Baba

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku.

Ta ƙaraso, kunnuwanmu na nan.

To, wata mace ce, autar gidansu, 'yar manomin shinkafa, wadda karatu ya kai ta har ɗakin binciken tsirrai. Aikinta in kun gani sai ku ce wasan yara ne. Ta tsinko ganyen shinkafa, ta sa reza ta yanka shi siriri fiye da ɓawon albasa, ta ɗora a gilashi, ta leƙa ta madubin ƙara girma tana duba jijiyoyinsa. Ita masara jijiyoyin ganyenta a matse suke, shi ya sa take shan rana ta mayar da ita abinci ba tare da ɓarnar ruwa ba. Na shinkafa kuwa nesa-nesa suke, rana na yin zafi sai ta yi ta wahalar banza. Su Auta suna taɓa ƙwayoyin gadon shinkafa ne, ko Allah zai sa ganyenta ya ɗauki halin masara.

Farkon samun aikin, zumuɗi ya ɗebe ta, ta je gida ta baje a tabarma ta zuba musu labari, har da cewa wata rana gona ɗaya za ta ba da abin da biyu ba sa bayarwa. Yayanta, wanda ya gaji gonar Baba, ya laƙa mata Likitar Ganye. Ita ta manta da maganar, shi bai manta ba.

Shekaru suka ja. Abin da ke ɗakin gilashin da suke shukar gwaji bai wuce wasu tsirrai tsumburarru ba. Jijiya ta matsu kam, amma zangarniya rabinta ƙaiƙayi. Ga doka: ko ƙwaya ɗaya ba ta fita. Abin da ya rage a zuba a tukunyar tururi a dafe shi ya mutu, sannan a zubar.

Ana nan damina ta yi wa Yaya gardama, sai ga shi a bakin ƙofar ɗakin gilashin, ya rame, hularsa a hannu.

"Likitar Ganye, ashe ana ganinku."

"Yaya, ai da ka yi waya."

"Wayar da ba a ɗauka?" Ya kara fuska a gilashin. Daidai nan wani ma'aikaci ya turo baro cike da zangarniya. "Wannan fa ina za shi?"

"Kashe shi za a yi."

"Iri? Ku dafa iri ku zubar, 'ya'yanki can suna kwana da rabin ciki?"

"Bai kai ba tukuna, Yaya. Wallahi wanda ke gonarka ya fi shi."

Ya yi 'yar dariya marar daɗi. "Haka mai abu yake cewa. Cikin hannu ɗaya nake so, ni zan yaɗa abina. Baba bai taɓa mayar da mai neman iri hannu wofi ba, ko da ba sa ga-maciji."

Maganar ta soke ta. Ta shiga sito ta tsaya gaban kantoci. A can ƙasa akwai wata shinkafa da ba a taɓa gadonta ba, wadda suke shukawa a gefe don su riƙa kwatantawa. Ita babu doka a kanta. Ta cika leda ta fito.

"Ita ce?" in ji shi.

"Ka dai kula da ita," ta ce. Ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba, kuma a ranta ta ɗauka ta yi dabara.

Ya shuka ta a lungun da ya fi laima, ya yi mata gata kamar jaririya, ya tara mata taki. Me zai hana ta yi kyau? Ya kira Auta a waya. "Likita, na ɗaga ganyen a rana, da idona na ga jijiyoyin nan naki." Ta buɗe baki ke nan matarsa ta karɓe wayar ta shiga sa mata albarka. Auta ta ce a ranta, irin wannan magana ba ta waya ba ce, sai ta je. Ba ta je ba.

Da shuka ta zagayo ya cika gonar kaf da ita, ya bi maƙwabta gida-gida ya raba musu, kamar yadda Baba yake yi. Shi kuwa irin Baba, wata gajeriyar shinkafa ja da ta san ƙasar nan ta saba da cututtukanta, wa zai ƙara waiwayarsa? Kowa ya kai nasa inji aka casa aka ci.

Shinkafa ta fara ɗaukar ciki sai tabo ya ɓullo a ganye. Baƙuwar ba ta taɓa haɗuwa da wannan cuta ba. Kafin a farga, gonaki sun koma kamar an bi su da wuta.

Wannan karon ta je. Ta same shi a kan kunyar gona yana murza zangarniya, iska na kwashe abin da ya fito.

"Halin masarar ne ya jawo haka?" ya tambaya, bai ko dube ta ba.

Da ta ce i, da ya yarda.

"Ba ita ba ce, Yaya. Ban taɓa ba ka ita ba. Wannan shinkafa ce kawai."

Ya kakkaɓe tafinsa.

"Na Baba fa mun cinye," ya ce. "Yaran har ƙari suka nema."

"Zan nemo maka shi."

"A wajen wa? Duk mai shi na ba shi naki."

Ta nema ɗin. Ta bi gida-gida, mata na zazzage mata tsofaffin buhuna, ta duba ƙasan tukwane har da ramukan ɓera. Abin da ta samu tsaba ce 'yar kaɗan da ta sha inji, wadda ba ta tsirowa.

Yaya ya bar wa wani gonar, ya shiga birni yana dako a kasuwa. Matarsa ta kwashi yaran ta koma gidan iyayenta. Maƙwabta suka sayi iri a shago, ba sa gaisawa da kowa na gidan. Auta tana nan a ɗakinta tana yanka ganye, shinkafar ba ta ɗauki halin masara ba tukuna. Takan kira Yaya, shi ne yanzu ba ya ɗauka. Irin Baba kuwa ya ƙare.