Gishiri a Kwalbar Gwaji

"Me kika zuba a ciki, Mama?"

"Ka rage murya. Ni na haife ka."

"Na sani. Me kika zuba?"

Magdalene ta ci gaba da tsince wake a faifai, ba ta ɗago ba. Sila yana tsaye a kanta da waya a hannu, ko hular acaɓarsa bai cire ba. A ɗaki, 'yarsa Divine tana kwance. Tun damina take amai, wani lokacin jikinta ya sandare. Likita ya ce a duba ruwan da take sha, don a bayan gidansu wasu samari daga wajen Ribah sun daɗe suna wanke ƙasar zinare, kuma irin ƙasar nan takan zo da gubar dalma. Shi ya sa Sila ya ɗebi ruwan rijiyarsu a kwalba, ya aika wa Gladys, 'yar kawunsa da ke aiki a wani ɗakin gwaji a Kaduna. Ɗazu ta kira ta ce an zuba wani abu a kwalbar.

"Alif na sa," in ji Magdalene a ƙarshe. "Ruwa jajir haka za ka aika wa mutanen birni? Su ce a Zuru taɓo muke sha?"

"Sai me kuma?"

"Sai gishirin da Fada ya sa wa albarka a coci. Don sakamako ya fito da kyau. Wannan ma laifi ne?"

Sila ya zauna a kan turmi. Ya gaji da faɗan tun bai yi nisa ba. Ya sake kiran Gladys, ya buɗe muryar wayar.

"Anti, ina wuni," in ji Gladys. "Ke ce kika yi mana miya a kwalba?"

"Ke ma rashin kunyar za ki yi mini? Ba ke kika ce jiya dalmar kaɗan ce ba?"

"Na ce na'ura ta nuna kaɗan. Na kuma ce wa Sila kada ya faɗa wa kowa sai na sake dubawa."

Magdalene ta kalli ɗanta. Shi ya kalli ƙasa. Murna ce ta sa ya faɗa mata jiyan.

Gladys ta yi bayani a hankali, da muryar wadda ta wuni a tsaye. Na'urar, in ji ta, tana fesa ruwan cikin wata wuta da ta fi ta maƙera zafi nesa ba kusa ba, ruwan ya tarwatse, sannan ta ƙirga ƙwayoyin dalmar da suka wuce ta wata 'yar ƙofa. In gishiri ya yi yawa, shi ke cika ƙofar. Dalmar tana nan, amma kaɗan ce ke samun wucewa a ƙirga ta.

"To ta yaya kika san ba ƙarancinta ba ne?" in ji Sila.

"Kowace kwalba muna ɗiga mata wani sinadari da muka san yawansa. A kwalaben sauran mutane ya fito cif. A taku ko rabi bai fito ba. Abin da ya danne shi, shi ya danne dalmar."

"Ki tsarma shi da ruwa mai kyau mana, gishirin ya ragu."

"Na yi. Lambar ta hau. Amma alif ya riga ya kwantar da wani abin, Anti kuma ta tace ta zubar. Abin da ya tafi da laka ba zan iya ƙirga shi ba. Ba zan sa hannu a wannan ba, Sila. Ka aiko wani, yadda ya fito daga rijiya."

"Sai yaushe?"

"Akwai layi. Gas ɗin na'urar ma ya kusa ƙarewa. Kada dai yarinyar ta ƙara sha."

Wayar ta mutu. Magdalene ta ajiye faifan.

"Alheri na nufa," ta ce, ba da ƙarfi ba.

"Na sani, Mama."

Ya ɗauki guga ya nufi rijiya. Ruwan ya fito ja kamar kullum. Ya cika sabuwar kwalba, ya ɗaure bakinta da leda, ya sa a aljihun rigarsa, inda hannun kowa ba zai kai ba. Famfon unguwa ya shekara bai kawo ruwa ba. Na 'yan garuwa kuwa, bai san daga wace rijiya suke ɗebowa ba.

Yana nan tsaye aka turo ƙofar gida. Talle ce, maƙwabciyarsu, da goyo a baya da bokiti biyu. Bayanta wasu matan, har da waɗanda suka daina zuwa tun da Divine ta kwanta.

"Sannu da gida, Mama," in ji Talle tana dariya. "Mun ji albishir a taron mata. Kin ce na'urar Kaduna ta wanke rijiyar."

Magdalene ta sake ɗaukar faifan. Talle ta ajiye bokitan a bakin rijiya, ta miƙa hannu ga igiyar da ke hannun Sila. Bai sake ta ba. Ta dubi fuskarsa, ta dubi uwar, dariyar ta tsaya.

"Lafiya? Mu ɗiba ko kada mu ɗiba?"