Rantsuwar Gunnel

Gunnel ta rantse ba za ta sake hawa jirgin sama ba, kuma a bainar jama'a ta yi rantsuwar, a taron masu kare muhalli na garinsu Umeå, a ƙasar Sweden. Aka yi mata tafi raf-raf. Ita kuwa Gunnel, in ta kafe a kan magana, gara ka je ka lallashi dutse.

Ba a jima ba ɗanta Torbjörn ya samu aiki a birnin Vancouver, can ƙetaren teku, ya yi aure, aka haifa masa 'ya mai suna Tuva.

"Mama, tafiyar ko kwana ɗaya ba ta cika ba fa, har da canjin jirgi," in ji shi a waya. "Ki karya a gidanki, ki ci abincin dare da jikarki."

"Kilomita dubu bakwai ina feshin hayaƙi a sama? Don ita nake yi, yaro. Ita za ta gaji duniyar nan."

"To, uwar bishiyoyi. A gaida dazuzzuka."

Haka aka yi ta yi. Tuva ta yi haƙori, ta fara tafiya, ta shiga makaranta, duk a fuskar waya. Gunnel na saƙa mata safa tana aikawa, kafin su isa ƙafar ta fi su.

Sai da yarinyar ta shekara takwas uban ya kawo ta hutun bazara. Gunnel ta toya burodin kirfa, ta fito da keken da Torbjörn ya koyi tuƙi a kansa. Tuva ta miƙa mata hannu cikin ladabi, kamar an kai ta gaida shugabar makaranta. Yaren Sweden kuwa, ban da "na gode" ba ta san komai ba.

Rannan da hantsi keken ya kayar da ita a kan tsakuwa, gwiwa ta fashe. Gunnel ta manta da ciwon bayanta, ta durƙusa ta ware hannuwa. Yarinyar ta wuce ta a guje, ta faɗa jikin ubanta tana kuka da Turanci.

"Me take cewa?"

Torbjörn ya sunkuyar da kai. "Kakarta take nema."

"Ga ni ai."

"Ba ke ba, Mama. Wata tsohuwa ce maƙwabciyarmu, Hiroko. Ita ta raine ta."

Gunnel ta sauke hannuwanta. Ba ta ga laifin yarinyar ba, kuma har yanzu ba ta ce hujjarta ta ƙin hawa jirgi ƙarya ce ba. Sai dai ta yi da-na-sani, irin wanda ba wanda zai tafa mata.

Torbjörn ya kira lambar Hiroko, aka yi sa'a tsohuwar ba ta kwanta ba, ko da yake a can dare ya yi nisa. Hannunsa na kan ciwon da auduga, don haka ya ce, "Mama, ɗan riƙe mata wayar."

Gunnel ta riƙe, daidai fuskar jikarta, har kukan ya tsaya.