Zoben Ya Kubura

Ya Kubura mai sayar da tattasai a kasuwar Diffa ta yi wata biyar tana karɓar maganin kansar mama a Yamai. Ƙullutun ya motse, ta dawo gida tana raha. Kafin damina ta fita sai ya sake tasowa.

Mijinta Kyari ya raka ta wurin Likita Abdulmumin, wani ɗan Damagaram mai son bayani, wanda bai daɗe da dawowa daga taron likitoci ba.

"Ya Kubura, a cikin kowace ƙwayar jikin mutum akwai zaren gado, muna ce masa DNA, a naɗe yake ɗauri-ɗauri," in ji shi. "A wasu masu kansa, guntun zaren yakan ɓalle ya haɗe baki, ya zama ɗan zobe. Wataƙila irin wannan zoben ne a jikinki."

Ya Kubura ta dafe ƙirji.

"Zobe? Kyari, asirina ya tonu!"

Kyari ya buɗe baki yana kallonta.

Nan ta kwashe labari ta faɗa. Shekara bakwai da suka wuce, ranar da ƴan bindiga suka shigo ƙauyensu a hayin kogin Komadugu, tana gudu da zoben zinariyar mahaifiyarta a yatsa. Da aka ce ana tare mutane a bakin ruwa ana ƙwace kaya, sai ta jefa shi a baki ta haɗiye. Ba ta sake ganinsa ba, ba ta kuma gaya wa kowa ba. Tun da ciwon ya fara take zargin zoben ne ya hauro ƙirjinta, ita ta jawo wa kanta.

"Ke da kika ce mini ruwa ya tafi da shi!" in ji Kyari.

"To me zan ce maka? Ka yi ta bi na bayan gida da tsinke?"

Likita ya yi dariya har ya cire tabarau. Sannan ya jawo kujera kusa da ita.

"Ba naki ba ne, Ya. Wanda nake nufi ido ba ya ganinsa, mu ma nan ba mu da na'urar duba shi, zato nake. Shi ke ɗauke da umarnin da ke sa ƙwayar ciwo ta yi ta hayayyafa. In ƙwaya ta rabu biyu, ba a raba zobban daidai, wata ta samu da yawa, wata kaɗan. Magani ya kashe wasu, wasu su tsira su sake yaɗuwa. Ba abin da kika ci ba ne, ba laifinki ba ne."

Ba ta yarda ba sai da aka ɗauki hoton cikinta. Likita ya ɗaga shi wajen taga, suka duba su uku. Ƙashi ne kawai da inuwar hanji.

"Ina yake?"

"Ya fita tun kwana biyu ko uku da haɗiyewa, Ya. Yana can daji."

Ta share ido da bakin mayafi. Can sai ta ja tsaki.

"Shekara bakwai ina tafiya a hankali kamar mai ɗauke da dukiya, ashe hanji ne kawai!"

Ranar ta ci tuwo da miyar kifi har ta nemi ƙari, abin da ta yi wata biyu ba ta yi ba. Likita ya rubuta mata takardar komawa Yamai don a canza magani. Tafiyar kwana biyu ce a mota, Kyari na gefenta da gorar ruwa, tana ba duk wanda ya zauna kusa da ita labarin.

Sabon maganin ya wahalar da ita, gashinta ya zube. Likitocin can ba su ce ta warke ba, sun ce dai ƙullutun ya ragu, ta riƙa zuwa ana dubawa. Ta iso Diffa ana shanyar sabon tattasai, ta tarar Tabawa maƙwabciyarta a kasuwa ta matso mata da nata buhunan cikin rumfa. Tun kafin ta ajiye jaka ta sa aka janye su.