Rigar da Malam Ya Ce Zai Ƙona

Ajimi ɗan dako ne a Yerwa. Bandar kifin da ake kawowa daga Tafkin Chadi yake ɗauka zuwa Kasuwar Litinin, shekara goma sha ɗaya cur, har wari ya kama jikinsa. Babarbare ne, Hausarsa kuwa ta ciniki ce kawai, a ji a gane a rabu. Ana tsakiyar yaƙin Turawa na biyu ya ji labarin wani ofis zai ɗauki masinja a ƙarshen shekara, amma sai wanda Hausa ta zauna a bakinsa. Ajimi ya ƙwallafa rai a kan aikin nan, don ya gaji da ɗaukar kaya a ka.

A unguwar Hausari akwai wani malamin boko, Malam Nuraddeen, Bakano mai fara'a da zaƙin baki. Ajimi ya je ya durƙusa ya faɗi bukatarsa. Malam ya ce, "Wannan ai mai sauƙi ne. Riƙa zuwa bayan la'asar."

Wata bakwai ana abu ɗaya. Ajimi ya koyi gaida manya, ya koyi isar da saƙo a natse, ya daina ɗaga murya kamar mai kiran kwalekwale. Malam yana da wani ɗan littafi, duk sanda Ajimi ya kwafsa sai ya ce, "Tsaya, sake faɗa yadda ka faɗa," ya rubuta. Ajimi bawan Allah, shi a zatonsa duk gyara ne. Ya saki jiki har ya gaya wa Malam abin da ko matarsa Gumsu ba ta sani ba: yana sansana yatsunsa a ɓoye kafin ya ba mutum hannu, kuma a bayan gari yake gwada gaisuwa, ya durƙusa wa jakin maƙwabcinsa yana "ranka ya daɗe". Ran da Malam ya ba shi wata babbar riga, ya karɓe tsohuwar taguwar dakon ya ce zai ƙona ta, Ajimi har ƙwalla ya yi.

Ƙarshen shekara makarantar da Malam ke koyarwa ta shirya wasan kwaikwayo da rana, aka gayyaci manyan gari. Malam da kansa ya zaunar da Ajimi a benci na biyu, daidai bayan Maikuɗi, babban akawun da ɗaukar masinja ke hannunsa. Ajimi ya zauna yana godiya a zuci, wai an kusantar da shi.

Aka yaye labule, sai ga Malam Nuraddeen ya fito sanye da taguwar nan, da facinta na kafaɗa da komai. Ya buɗe baki, muryar Ajimi ta da ta fito sak, ba abin da ya rage. Wuri ya ɗauki dariya. Malam ya sansana yatsu, ya miƙa hannu. Can aka jawo jaki na gaske, ya zube gabansa yana "ranka ya daɗe". Wani daga baya ya yi ihu, "Wallahi rigar Ajimi mai banda ce! Ga shi can zaune!" Kawuna suka juyo gaba ɗaya. Ajimi ya ji kamar an tuɓe shi a tsakiyar Dandal, babban filin ƙofar fada. Kunyar ma da sauƙi, cin amanar ne ya fi ƙona masa rai.

Da aka tashi, Maikuɗi ya waiwayo yana share hawayen dariya. "Ashe kai ne! Malam ya yi mini maganarka. To amma masinjan da duk Yerwa ta yi wa dariya, wa zai tashi in ya je kiransa? Sai haƙuri."

Sai ga Malam ya iso yana haki, taguwar na jikinsa, fuskar nan fal murna. "Ka ga yadda ya yi armashi? Haba, saki ranka mana, ai wasa ne. Ko sunanka ban kama ba."

Ajimi ya dube shi, ya yi magana a hankali, da Hausar da ba wanda zai gyara wa ko harafi. "Malam, wata bakwai ina zaton kai ke koya mini maganarka. Ashe ni ke koya maka tawa. Allah ya isa tsakanina da kai."

Washegari da ya isa kasuwa, labari ya riga shi. 'Yan dako suka riƙa zubewa a gabansa suna kukan jaki. Ajimi ya naɗa gammo ya ɗora buhu a ka. Ya yi shekara ashirin a duniya bayan wannan, yana dako, kuma ba wanda ya ƙara jin kalmar Hausa ko ɗaya daga bakinsa.